In Allah ya kai ka Amurka, kar ka ƙare a falon mai masauki

Jama'a akwai abun da yake damuna da mutanenmu na nan Bauchi da Gombe in sun samu zuwa Amurka, ko taro ne ya kai mutum, ko kwas, ko bikin yaye ɗansa daga jami'a, ko Hajiya ce ta je zaman jego wajen 'yarta, sai mutum ya share sati uku cur ya dawo, ka ce Alhaji me ka gano mana, ya ce maka wallahi Walmart ɗinsu akwai girma. Shikenan fa. Daga falo sai kanti, daga kanti sai falo. Ba duka laifinsa bane, mai masauki tun asuba ya fita aiki, shi kuma baƙo yana tsoron ɓata, sannan ya riga ya sa a ransa duk inda ya taka sai ya zube dala. To gaskiya wuraren da suka fi cancanta a gani, musamman a Washington, ko sisi ba a biya. Abun da suke ci shi ne shiri tun daga gida da kuma ƙafa.

Maganar biza ban sako ta nan ba, dokokinta kullum cikin canzawa suke, wannan na wanda ya riga ya samu ne ko yana can.

Farko ka buɗe taswira ka dubi ƙasar da kyau kafin ka fara lissafi. Daga New York zuwa Los Angeles kusan awa 6 ne a jirgin sama, agogonsu ma ba ɗaya ba, awa 3 ne tsakani. Don haka wanda yake da kwana goma yana cewa zai ga gunkin Liberty ya ga Hollywood ya leƙa Grand Canyon ya biya Florida, a filin jirgi zai ƙare kwanakinsa. Ni shawarata ga mai zuwan farko ita ce Washington da New York kawai, tsakaninsu jirgin ƙasa na Amtrak kamar awa uku da rabi ne, bas kuma awa huɗu zuwa biyar kuma ta fi araha nesa ba kusa ba, in ka sayi tikiti da wuri. Lokaci kuwa, in kai ke da zaɓi, ka nemi Afrilu da Mayu ko Satumba da Oktoba. Yuli da Agusta zafi ne mai gumi ga cunkoson 'yan hutu, Disamba zuwa Fabrairu kuma sanyin ba irin wanda ka sani bane, kafin biyar na yamma gari ya yi duhu.

Abu na biyu, kuma nan ne mutane suke faɗawa: kyauta ba yana nufin ka taso kawai ka shiga ba. Wasu wuraren ba a karɓar kuɗi amma sai ka yi bukin ta intanet an ba ka rana da sa'a, su turo maka tikiti a waya a duba a ƙofa. Ka zauna tun kana Bauchi, ko ka sa yaron gidan da za ka sauka ya yi maka, ka fara kama waɗannan tikitin, sai ka jera sauran yawon a gefensu. Kuma ka yi a shafin wajen na asali, na gwamnati yana ƙarewa ne da .gov, na gidajen tarihin Smithsonian kuma si.edu ne, don akwai 'yan kamasho da suke sayar da abun da kyauta ne.

To mu shiga Washington. A tsakiyar garin akwai wani dogon fili mai ciyawa da suke kira National Mall, kar sunan ya ruɗe ka ba kanti bane, daga ginin majalisa wato Capitol a gabas har zuwa ginin tunawa da Lincoln a yamma ya ɗan haura kilomita 3, kuma gidajen tarihi ne jere dama da hagu. Yawancinsu na Smithsonian ne, cibiyar da aka kafa a 1846 da dukiyar wani Bature ɗan Ingila James Smithson, wanda har ya mutu bai taɓa taka Amurka ba. Duk shiga kyauta, galibi daga goma na safe zuwa biyar da rabi na yamma, ana rufewa ranar 25 ga Disamba, sannan in 'yan majalisa suka yi rigimar kasafin kuɗi gwamnati ta tsaya to su ma suna iya rufewa, ka riƙa bin labarai.

Kar ka ce zaka shiga huɗu ko biyar a rana ɗaya. Biyu sun isa, wallahi na uku ido kawai zaka riƙa yawo da shi ba abun da zai shiga kanka.

In ɗaya tak zaka iya shiga, ka shiga gidan tarihin baƙaƙen fatan Amurka, National Museum of African American History and Culture, wanda aka buɗe a 2016. Yana cikin masu son bukin. Daga nesa zaka gane shi, gini ne launin tagulla hawa uku kamar kambi, David Adjaye ɗan asalin Ghana ne ya jagoranci zanensa kuma daga sassaƙar Yarbawa aka ɗauko siffar. Yadda aka tsara cikin shi ne abun: ba sama zaka fara ba, ƙasa za a saukar da kai can cikin ƙarƙashin ƙasa, wajen da duhu-duhu, rufin a ƙasa-ƙasa, hanyar a matse, mutane kowa ya yi shiru, nan ne zamanin cinikin bayi, ga sarƙoƙi da mari har da 'yan ƙanana na yara, ga ƙarafan da aka ciro daga wani jirgin bayi São José da ya nitse kusa da Cape Town a 1794. Sai ka riƙa hawowa a hankali shekaru na matsowa, ka wuce wata bukkar katako ta bayi da aka ɗauko sukutum daga South Carolina, ka zo zamanin wariyar launin fata, nan akwai ɗakin da aka ajiye akwatin gawar Emmett Till, yaro ɗan shekara 14 da aka kashe a Mississippi a 1955, a wannan ɗakin ba a ɗaukar hoto kuma dan Allah ka kiyaye, kar a zo ana maka magana. Can sama kuma sai waƙa da wasanni da su Muhammad Ali, haske ya cika ko'ina. Ka ware masa awa uku zuwa huɗu, ka fara da ƙasan tun da ƙarfinka. In da ƙananan yara kuke, ka san akwai hotunan da ba na yara ba, an yi musu jan layi a gefe don ka gane tun daga nesa.

Na jiragen sama, Air and Space, shi ma sai da bukin, nan ne jirgin sama mai inji na farko, na 'yan uwan nan Wright na 1903, yake da kuma kumbon Apollo 11 da ya dawo da waɗanda suka je duniyar wata a 1969, in ka ga ƙanƙantarsa zaka yi mamakin yadda ƙarti uku suka zauna ciki. Na halittu, Natural History, ba bukin, yara sun fi son shi saboda ƙasusuwan dabbobin da can da ƙaton giwan da ke tsaye a tsakar gidan. Akwai na fasahar Afirka ma, ƙarami ne ba cunkoso, su ne suka mayar wa Najeriya da tagullan Benin guda 29 a 2022.

Ɗan Bauchi kuma kar ya bar Washington bai shiga Capitol ba. Zagayen kyauta ne, ana bukin ta shafin cibiyar baƙi ta majalisar, kuma ba a shiga da abinci ko ruwan sha. Dalilina shi ne a watan Yulin 1961 Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kai ziyara Amurka, Shugaba Kennedy ya karɓe shi, kuma ya yi jawabi a gaban 'yan majalisar a cikin wannan ginin. Mu da muke wuce kabarinsa kullum a cikin gari ya kamata mu ga inda ya tsaya. Daga nan akwai hanya ta ƙarƙashin ƙasa zuwa babban ɗakin karatu na majalisa, Library of Congress, shi ma tikitin kyauta ne mai lokaci. A nan ne fassarar Alƙur'ani da tsohon shugaban Amurka Thomas Jefferson ya mallaka take, wadda Keith Ellison, Musulmi na farko a majalisarsu, ya yi rantsuwa da ita a 2007, kuma su ne ke riƙe da rubutun Umar bin Sa'id, malami Bafulatani daga Futa Toro da aka sayar bawa aka sauke a Charleston a 1807, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831, ya buɗe da Tabaraka. Irin waɗannan takardun ba kullum ake fito da su ba, amma sun sa hotunan shafukan a intanet, mutanen Gombe ku nema ku karanta tun kafin ku tafi.

Gumakan tunawa na waje kuwa ka bar su sai yamma, don ba a rufe su, kuma da rana ba inuwa. Dogon hasumiyar Washington ƙafa 555 ce, in kana son hawa sama sai tikiti ta recreation.gov da ɗan cajin dala 1. A matakalar Lincoln ka duba ƙasa da kyau, an sassaƙa rubutu a daidai inda Martin Luther King ya tsaya ya yi jawabinsa ranar 28 ga Agustan 1963, mutane da yawa takawa suke su wuce ba su lura ba. Fadar White House kuma ka haƙura da hoto daga bayan shinge, shiga cikinta doguwar hanya ce ga baƙo.

Zirga-zirga: kar ka ɗauki hayar mota a Washington ko New York, wajen fakin kaɗai ya ishe ka. Ka sayi katin SmarTrip ka hau Metro. Otal a tsakiyar gari wuta ne, ka nemi na Maryland ko Virginia da ke kusa da tasha, dama 'yan Najeriya sun fi yawa a can. A matakala mai tafiya da kanta ka tsaya ta dama, hagu na masu sauri ne, kuma ba a cin abinci a cikin jirgin Metro. Takalmi kuwa Alhaji a ajiye sau-ciki mai ƙyalli, a sa kambas. Kaftani da hula ba mai hana ka, sai ma a riƙa yabawa, amma babbar riga a ranar yawo wahala ce saboda kowace ƙofa sai an caje ka, ka ciro waya da makulli da bel, ka rage tarkace a aljihu kuma 'yar wuƙar nan ta jikin makulli a bar ta a gida.

Sai sallah, wadda ita ce take hana wasu fita tun farko. Ba wani abu bane mai wuya. Ka sa 'yar darduma mara nauyi a jaka da gorar ruwa, banɗakunansu takarda ce ba buta, gorar ita ce butarka, ruwan famfo kuma ana sha, akwai wajen cikawa a gidajen tarihin. Ka yi alwala kafin ka fito. Alƙibla a can arewa maso gabas take, ba gabas sak ba yadda muka saba, ka sa manhaja a waya. A filin Mall zaka samu gefe a kan ciyawa ka yi sallarka, sai dai kar ka tare hanya ko bakin ƙofa kuma kar ka ajiye jaka ka yi nisa da ita. Da bazararsu magariba tana kaiwa takwas da rabi na dare, da hunturu kuwa azahar da la'asar da magariba a manne suke, sai ka lissafa. Juma'a ka je Islamic Center da ke titin Massachusetts, tun 1957 aka buɗe shi, Shugaba Eisenhower da kansa ya halarta. Abinci a cikin gidajen tarihi tsada ne, ka taho da ɗan abun taɓawa ka ci a waje. In ka zauna a gidan abinci aka kawo maka, ladan mai kawowa kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari kamar dole ne, kuma farashin da ka gani a jikin kaya ba shi zaka biya ba, sai an ɗora haraji a wajen biya. Ka tanadi katin dala don wurare da yawa yanzu ba sa son tsabar kuɗi. Kilishi da dambun nama kuma kar ka ɗauka daga gida wai guzuri, kwastan ɗinsu ba sa barin nama ya shiga, duk abincin da ke jakarka ka faɗa musu da bakinka, ɓoyewa tara ce.

New York ita kam tana cin kuɗi, amma akwai dabara. Gunkin Liberty, kyautar Faransa ce da aka ƙaddamar a 1886, a kan tsibiri yake. In kana son taka tsibirin, jirgin ruwan Statue City Cruises ne kawai yake da izinin sauke mutane, daga Battery Park yake tashi, kuma tikitin ya haɗa da tsibirin Ellis inda aka tantance baƙin haure kusan miliyan 12 tsakanin 1892 da 1954. Hawa cikin kambin kan gunkin sai ka yi bukin da watanni. Da ka fito daga tashar jirgin ƙasa a wajen zaka ga wasu da riguna kamar ma'aikata suna tare mutane wai su sayar musu tikiti, kar ka kula su, ka wuce. In kuma gani da hoto kawai kake so, ka hau jirgin ruwan Staten Island mai ruwan lemo, kyauta ne dare da rana, kamar minti 25, ka tsaya ta hannun dama in kuna tafiya, zai wuce ta gaban gunkin, in kun isa ka sauka ka sake hawa na dawowa.

Gadar Brooklyn ta 1883 a ƙafa ake tsallakawa, ba ko kwabo, ka je da sassafe. Central Park, babban lambun shaƙatawa na tsakiyar gari, ma haka. Wajen tunawa da harin 11 ga Satumba, manyan ramukan ruwan nan biyu da sunaye a gefe, kyauta ne, gidan tarihin da ke ƙasa ne ake biya. Ba nisa daga nan akwai maƙabartar 'yan Afirka, African Burial Ground, da aka gano a 1991 ana haƙar harsashin gini, mutane ba su cika zuwa ba kuma ya kamata. Hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya ana zagayawa da kai amma da kuɗi da bukin, ka riƙe fasfo, kuma ka kauce wa makon babban taron Satumba don rufewa suke. Nan ma Tafawa Ɓalewa ya yi jawabi ranar 7 ga Oktoban 1960 da aka karɓi Najeriya a matsayin ƙasa ta 99. Gidan tarihin Metropolitan dala 30 ne ga baƙo babba, ya ci kuɗinsa in kana da yini guda, in awa ɗaya gare ka bar shi. Times Square ka je sau ɗaya da daddare ka ga fitilu, masu shigar 'yan katun ɗin nan in ka ɗau hoto da su sai ka biya, wanda ya miƙo maka faifai ko abun hannu wai kyauta kar ka karɓa. Abincin halal a New York ba matsala, kekunan shinkafa da kaza suna kusan kowace kwana, in kuma ka yi kewar gida ka hau jirgi zuwa titi na 116 a Harlem ko Bronx, zaka ji Hausa a bakin 'yan Ghana da Nijar.

Niagara fa, ƙaton ruwan nan mai zubowa daga kan dutse? Mutane suna jin jihar New York sai su ɗauka bayan gari ne, alhali awa shida zuwa bakwai ne a mota. In ka je, ka hau jirgin ruwan Maid of the Mist ka sha feshi, amma ka ji wannan da kyau: gadar Rainbow da ke wajen, ɗaya gefen Kanada ne. In ba ka da bizar Kanada, ko bizarka ta Amurka ta shiga ɗaya ce, kar ka taka ta ko da wasa wai zaka ɗau hoto ka dawo.

Manyan gandayen daji na yamma tafiya ce daban, sai mai lokaci da mota da abokin tuƙi. Grand Canyon a Arizona, wagegen kwazazzabo ne da kogi a ƙasansa, tsawonsa mil 277, zurfin ya kai mil guda, gefen kudu ake zuwa, kamar awa huɗu da rabi daga Las Vegas, gadar gilashin nan da ake tallatawa ba a cikin gandun gwamnati take ba, ƙasar ƙabilar Hualapai ce da kuɗinta daban. Kar ka ce zaka sauka har kogi ka hau a rana ɗaya, sauka daɗi, hawa ne yake kwantar da mutane. Yellowstone kuma, wanda aka kafa tun 1872, yawancin hanyoyinsa a rufe suke ga motoci daga Nuwamba har cikin Afrilu, ɗakin kwana sai ka kama da watanni. Kuɗin shiga manyan nan dala 35 ne kan mota na kwana bakwai, amma daga 2026 an ɗora wa wanda ba mazaunin Amurka ba ƙarin dala 100 kowane mutum daga ɗan shekara 16 zuwa sama a fitattu guda 11, har da waɗannan biyun, katin shekara na baƙi kuma dala 250, to in ku da yawa ne a mota ku yi lissafi wanne ya fi.

Duk wanda gwaggon biri ya taɓa fizge wa leda a Wikki ta Yankari ya san dabbar daji ba ta da sabo, to ɓaunan Yellowstone ya kai kilo 900 kuma ya fi ka gudu, duk da zaka gan shi tsaye a bakin titi kamar ba ruwansa. Dokar ita ce yadi 25 tsakaninka da shi, beyar da kyarkeci kuma yadi 100, ba a ba su abinci. Tafkunan nan masu launi da suke tururi tafasasshen ruwa ne, ƙasar gefensu ɓawo ce kawai, mutane sun mutu a ciki, ka tsaya kan katakon da aka shimfiɗa ka riƙe hannun yaro. Maɓuɓɓugar ruwan zafi da ake kira Old Faithful tana feso ruwa sama kusan duk awa ɗaya da rabi, suna rubuta lokacin na gaba a allo a cibiyar baƙi. Sabis ɗin waya yana ɗaukewa a cikin dajin, ka sauke taswira tun kana gari ka cika tanki. Jirgi mara matuƙi na ɗaukar hoto haramun ne a gandayen, haka ma a Washington, sannan dutse ko fure ko ƙahon da ka tsinta a ƙasa ba a ɗauka wai tsaraba, in tsaraba kake so akwai shago a kowace cibiyar baƙi.